Gwangwanin Wanda Bai Zo Ba Tukuna

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar ƙawata kuma abokiyar aikina, Malama Saratu, wadda ta daɗe tana koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar firamare a nan Kuje. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro, in ajiye. Waɗanda suka san tsakaninmu sun ɗauka alhini ne ya hana ni. Alhinin yana nan daram, amma maganar gaskiya tsoro ne da kunya. Akwai wata yarinya da na kora daga ƙofar ajin Saratu kwana biyu bayan rasuwarta, na yi shekara bakwai ban san inda ta shiga ba, ko sunanta ban tambaya ba. Ba yadda zan ba da labarin Saratu in tsallake wannan, shi ya sa na yi ta jan bakina.

Saratu 'yar wajen Jos ce, ni kuwa Bazazzagiya, aikin maigidana a wata ma'aikatar tarayya ne ya kawo ni. Ita Lahadi take ado, ni Juma'a, amma in an fita tara kwano ɗaya muke sa hannu. Hali kam mun sha bamban. Ni mutum ce mai son a bi abu yadda aka rubuta shi, har ta laƙaba mini Hajiya Doka, sunan ya bi ni har ofis. Ita kuwa in ta ga doka ta tare hanya, sai ta gaishe ta da ladabi ta zagaye ta bayanta. Na sha gaya mata wata rana sai an sallame ta daga aikin nan. Takan ce, "Hauwa, in an sallame ni ai ke ce za ki gaji ajin, kin ga sai ki gyara." Mu yi dariya. Ban san bakinta ya riga ya faɗi ba.

Ajin Saratu ya fi bin shekara a kan littafi. In ka leƙa ta taga za ka san lokacin da ake ciki. Da bazara ƙwallayen mangwaro ne tsibi a gaban allo, an wanke an shanya, da su ake koyon tarawa da ɗebewa. Da kaka kowane yaro zai zo da zangarniya ɗaya daga gonar gidansu ko ta maƙwabta, dawa ko gero ko maiwa, a rataye a bango, a rubuta sunan kowacce da Hausa da Turanci. In Kirsimeti ta matso a yanka kwali a yi kati, in Sallah ta zo a sake yankawa, ba ta taɓa tambayar yaro wacce ce taku. Akwai wani babban kwali kusa da ƙofa da aka zana rana da hadari da ruwa, da kibiya a tsakiya. Kullum da safe yaro ɗaya zai fita ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dawo ya juya kibiyar. Ni dai ina gefe ina taɓe baki, ina cewa wannan ba aji ba ne, rumfa ce a kasuwar Wuse.

Babban sha'anin shi ne na damina. Ruwa yakan zauna ne daidai komawa zango na uku. Ranar Juma'ar farko kowane yaro zai zo da gwangwanin madara da aka shanye. Saratu za ta zauna a bakin ƙofa da ƙusa da dutse, ta huda gindin kowanne sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. A ɗebo baƙar ƙasa daga bakin rafin da ke bayan makaranta, kowa ya tura ƙwayar wake ɗaya da ɗan yatsansa, ta manna 'yar takarda mai sunansa, a jera a kan taga. Daga nan kullum sai an zuba ruwa, a auna tsayi da tsinken tsintsiya, a zana ganyen a littafi. Har yaron da ake korowa makaranta da bulala yakan zo da gudu, don kada wakensa ya wuni da ƙishi.

Bayan an gama sai ta ciro gwangwani ɗaya daga jakarta, ta huda, ta shuka da hannunta, ta ajiye a ƙarshen jerin, daidai inda gilashin tagar ɗaya ya fita ya bar gurbi. Shi wannan ba a manna masa suna. In yara sun tambaya na wane ne, sai ta ce, "Na wanda bai zo ba tukuna."

Da farko na ɗauka wani camfi ne. Ashe sanin gari ne. Abuja wuri ne da mutane ke sauka ba tare da sun duba kalandar makaranta ba. Waɗannan an rushe musu unguwa, wancan an yi wa ubansa canjin wurin aiki, wasu kuma maigidan ne aka kawo gidan yarin nan, matar ta kwaso 'ya'ya ta kama ɗaki kusa don ta riƙa ganinsa. Dokar makarantarmu kuwa ba a ɗaukar sabon yaro a zango na uku, sai dai a ce wa uwar ta dawo Satumba. Saratu ta san da yawa ba sa dawowa. Don haka da yaro ya ɓullo, kafin Hedimasta ya ji labari ta rubuta sunansa ta manna a gwangwanin nan, wanda sau da yawa ya riga ya yi ganye. In Hedimasta ya zo da faɗa sai ta nuna masa taga ta ce, "Oga, in ya tafi, wa zai ba wakensa ruwa?" Bawan Allah ya ja tsaki ya juya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a duk shekarun da muka yi tare ban ga daminar da gwangwanin nan ya ƙare ba mai shi ba. Har nakan ce mata ko shi ne yake kiransu.

Ranar wata Juma'a aka yi shukar. Washegari Asabar ta shiga mota zuwa Wuse sayen kwali da alli mai launi, a hanyar dawowa motar ta yi hatsari. Ranar Litinin aka ce in karɓi ajinta. Na shiga ɗakin idona a kumbure. Rubutunta na Juma'a yana allo, kibiyar kwalin tana kan hadari inda aka bar ta, tsohon zanen da take ɗaurawa in za ta taɓa ƙasa yana rataye a bayan kujera. Yaran da ba sa iya minti ɗaya ba hayaniya sun yi tsit, sai kallona suke.

Ana cikin haka na ga inuwa a ƙofa. Wata yarinya ce 'yar shekara bakwai haka, ba takalmi, ba yunifom, an shafe ta da mai har fuskarta na ƙyalli, alamar musamman aka shirya ta. Can nesa uwarta na tsaye da goyo. Yarinyar ba ni take kallo ba, taga take kallo. Da irin Hausarsu ta yaran Abuja ta ce, "Anti ya ce in zo yau." Na ce Anti ba ta nan. Ta nuna ƙarshen taga ta ce gwangwaninta yana can. Ni kuwa raina a jagule, yara sun fi benci yawa, ga kuma doka. Na ce mata, "Je ki, ki dawo Satumba." Ta ɗan tsaya, sannan ta juya. Da aka tashi na ɗauki gwangwanin mara suna na wurga a bola, don ganinsa yana tayar mini da hankali. Na gaya wa zuciyata ban karya doka ba. Ai kuwa ban karya ba. Satumba ta zo, na yi ta duban ƙofa, yarinya ba ta dawo ba.

Da damina ta zagayo na ci gaba da shukar, don ƙannen waɗanda Saratu ta koyar sun zo suna jiran tasu. Sai dai na yi ta bisa ƙa'ida, suna nawa a rajista, gwangwani nawa a taga. Na ƙirga da kaina ranar Juma'a, na kulle ƙofa, na jefa makulli a jaka. Litinin da safe ina buɗewa idona ya faɗa ƙarshen jerin. Guda ɗaya ya ƙaru. Ba suna. Ƙasar cikinsa baƙa ce, da danshinta. Na ɗaga shi na leƙa gindin, huda uku. Ni sau biyu nake hudawa, don dutsen yana yawan samun yatsana.

Na ɗauko rula na ce wanda ya yi wannan ya fito tun kafin raina ya ɓaci. Suka zuba mini ido. Maigadi, dattijon da ya fi kowa daɗewa a makarantar, ya rantse bai ga kowa ba, sannan ya ƙara da abin da ban tambaye shi ba: "Malama, ki bar shi kawai." Maigidana ya yi dariya ya ce aikin yara ne. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Na jefar. Shekarar da ta biyo, haka aka sake. Sai na kira kafinta ya toshe gurbin gilashin da katako, ina tsaye ya buga ƙusoshin. Damina ta uku da ta huɗu tagar nan a toshe take ruf, ƙofa a kulle, makulli a jakata, kuma duka biyun na tarar da shi zaune a wurinsa. Daga nan na daina jefarwa. Ban zuba masa ruwa ba, ban kuma hana yara ba, kuma kullum shi ne yake fara tsiro. Da gara ta cinye katakon ya faɗi ban sake neman kafinta ba. To, me ya tsare?

Ni musulma ce, na san wanda ya mutu ya tafi ke nan. Duk da haka sai da ta kai ba na sa makulli a ƙofar nan sai na karanta Ayatul Kursiyyu. Na juya teburina yadda ba zan fuskanci taga ba. In hadari ya haɗu ɗakin ya yi duhu, yara suna rera baƙaƙe da ƙarfi don su danne rugugin sama, sai in ji kamar muryoyin sun fi bakunan da ke gabana yawa da guda ɗaya. Kuma kada ku ɗauka tsoron ya gyara ni. A shekarun nan iyaye sun zo da yara a zango na uku, na tura su ofis, ofis ya ce Satumba. Waken mara suna ya yi ta yaɗo a bangon taga, ya yi fure, ya bushe, ba wanda ya tafi da shi gida ranar hutu.

Nakan tambayi kaina abin da Saratu za ta ce da za ta leƙo yau. Gonakin da yara ke tsinko zangarniya yawancinsu sun zama gidaje masu dogayen katangu, wasu ko labule babu a ciki. Bara na tambayi aji daga ina wake yake zuwa, wani ya ɗaga hannu har yana tsalle ya ce daga mudu. Yanzu in an yi shuka sai an ɗauki hoto an tura wa iyaye a waya, wata uwa har kirana ta yi tana masifa wai ɗanta ya koma gida da ƙasa a farce. Na san duk wannan dariya za ta yi masa, irin dariyar nan tata ta buga cinya. Abin da ba za ta yi wa dariya ba ni ce. Na gaji ɗakinta da kwalinta da tagarta, na riƙe komai, ban da abu ɗayan da ya sa take yin su.

Mako uku da suka wuce, Litinin ɗin da ta biyo shukar bana, maigidana yana da taro a cikin gari, ya sauke ni da sassafe, ko shara maigadi bai fara ba. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Na buɗe aji na zauna ina cika rajista. Sai na ji ƙaras. Na waiwaya. Hannu ne, siriri, jiƙe da ruwa, ya shigo ta gurbin gilashin riƙe da gwangwani. Ya ajiye shi a hankali, ya ɗan juya shi ya daidaita da sauran, ya koma. Wallahi Innalillahi kawai nake ja. Ban san abin da ya tashe ni ba, sai ganina na yi a bayan aji da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ba aljani ba ne, ba kuma fatalwa ba. Wata yarinya ce 'yar sha huɗu haka, tiren ayaba a kanta, wata ƙarama riƙe da bakin zanenta. Ta gan ni, ba ta gudu ba. Ta rusuna ta gaishe ni.

Na ce, "Ke ce? Duk shekarun nan ke ce?"

Ta ce, "Anti, ke kika ce in dawo Satumba."

A tsaye cikin laka ta ba ni labarin. Ranar da na kore ta ba ta tafi gida ba, ta laɓe ta ga na wurga gwangwanin a bola. Ta tsince shi ta kai gida, waken ya tsira, ya yi 'ya'ya, kuma daga irinsa take ɗiba duk shekara. Hudar uku a gindinsa ta gani ta kwaikwaya. Ta tambayi uwarta yaushe ne Satumba, uwar ta ce in ta zo za ta faɗa mata. Uba yana tsare, goyo a baya, tire yana neman kai. Uwar ba ta taɓa faɗa ba. Yarinyar ta ce na sha sayen ayaba a wurinta a kasuwar Kuje, ban taɓa duban fuskar da ke ƙarƙashin tiren ba.

Ta ce, "Ni ban san Satumba ba, ruwa na sani. Anti Saratu ta ce in dai gwangwanina yana taga, wurina yana nan. Shi ya sa nake kawowa, kar a ba wani." Sannan ta turo ƙaramar gabana. "Amma na bana ba nawa ba ne, ni na girma. Na Ladi ne." Ladi ita ce goyon da na hango a bayan uwar a wancan ranar.

Na tambaye ta yadda ta shigar da shi a shekarun da aka toshe taga. Ta dube ni ba ta gane ba. Ta ce bayan ta kawo sau biyu an kai ta aikatau Masaka, ta yi damina biyu a can, ta dawo ta tarar da taga yadda ta bar ta. Har kuka ta yi a Masaka, don ta ɗauka wurinta ya tafi.  Ni dai ba ni da abin da zan ce muku a kan wannan.

Na kama hannun Ladi na shiga da ita, na yago takarda na rubuta sunanta na manna. Kafin a fita tara labari ya kai ofis. Hedimasta, shi ne dai na zamanin Saratu, ya zo ya ce aji ya cika, masu duba makarantu suna iya faɗowa kowane lokaci, in suka ga yarinya ba yunifom, ba suna a rajista, ni zan amsa takardar tuhuma, ba shi ba. Ni kuwa tunda na fara aiki ba a taɓa miƙo mini irin takardar nan ba, da ita nake taƙama a gaban kowa. Na buɗe baki zan ce to, sai na tsinci kaina ina nuna taga ina cewa, "Oga, in ta tafi, wa zai ba wakenta ruwa?" Ya tsaya yana kallona har na tsargu. Ya ce, "Malama Hauwa, wannan maganar ba a bakinki na saba jin ta ba." Ya fita, ko tsakin bai ja ba. Kafin azahar ya aiko a kai masa rajista.

Da aka tashi yayar ta zo ɗaukar Ladi, sai a lokacin na yi tambayar da ta kamata in yi tun shekara bakwai. Sunanta Rifkatu. Na nemo gwangwani, na zauna a bakin ƙofa da ƙusa da dutse, na huda sau uku har na fasa yatsa. Ta shuka, na rubuta, na manna. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Anti, haka yake?" Ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce ba. Na juya wajen allo kamar mai neman alli, don kada ta ga idona. Yanzu takan sauke tirenta a bakin ƙofa bayan an tashi, mu yi rabin awa muna baƙaƙe. Na sani sarai rabin awa ba ta mayar da shekara bakwai. Icen da ake tanƙwarawa tun yana ɗanye ni na bar shi ya bushe, wannan kuwa yana wuyana har gaban Allah.

Saratu ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. An kai ta garinsu, ban taɓa ganin kabarin ba. Kwalin rana da hadari ya yage mun sake wani, zanenta 'yan'uwanta sun karɓa. Yaran ajinta na ƙarshe suna sakandare, wasu da ƙyar za su tuna fuskarta. Abin da ya rage ƙwayar wake ce guda da ta tura cikin ƙasa ranar Juma'arta ta ƙarshe, wadda ni aminiyarta na wurga a bola, wata yarinya mara takalmi ta tsince. Jikokin waken nan ga su a tagata suna neman abin kamawa. Allah ya raya abin da ta shuka, ni kuma ya yafe mini.

Jiya da safe na buɗe aji na ƙirga kamar kullum. Na yara duk suna nan, ga na Ladi, ga na Rifkatu. A ƙarshen jerin, daidai gurbin gilashi, akwai guda ɗaya mara suna, ƙasarsa baƙa da danshi. Ba ni na shuka ba, Rifkatu kuma ta rantse ba ita ba ce. Ban ɗaga shi na leƙa gindin ba. Na ɗebo ruwa a kofi na zuba masa, na sa yaran bencin baya suka matsa suka bar wurin mutum ɗaya, sannan na bar ƙofar a buɗe.